Idon Na'ura da Ƙasar da Ke Gani da Idon Aro

A bayan kowace wayar hannu da ke cikin aljihun ma'aikaci ko ɗalibi a yau, akwai wani ɗan allo na silikon wanda faɗinsa bai wuce na farce ba. Shi ne ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Irinsa ne, ko ɗan'uwansa, ke cikin na'urar ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, da taurarin ɗan Adam masu leƙen gonaki daga sama, da na'urar tantance masu zaɓe, da ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa. Kowace shekara ana ƙera biliyoyinsu, har sun zama kamar gishiri, ba a tunawa da su sai ranar da aka rasa. Amma tarihin yadda aka same su yana ɗauke da magana wadda ta shafi duk mai sa hannu a takardar kasafin kuɗi ko ta sayen kayan gwamnati. Wannan ido na na'ura sai da aka yi shekara da shekaru ana zuba masa kuɗi babu riba kafin ya buɗe, kuma da ya buɗe, abin da maƙeransa suka gwada shi a kai shi ya fi iya gani. Ƙasar da ba ta da hannu a binciken ko a gwajin, da idon aro take gani.

Silikon dai ana samunsa daga farin dutse da yashi, a yi ta tace shi har sai ya zamana a cikin ƙwayar zarra biliyan ɗaya da ƙyar za a sami baƙuwa guda. Halinsa tsaka-tsaki ne. Bai sakar wa lantarki hanya kamar jan ƙarfe ba, bai kuma toshe ta kamar roba ba, saboda haka ana iya sarrafa shi ya buɗe ko ya rufe yadda ake so. Tun cikin 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ƙwayar haske tana iya ɓamɓaro ƙwayar lantarki daga jikin abin da ta faɗa wa. A kan wannan bayani ne aka ba shi lambar Nobel ta shekarar 1921. To, idan aka rarraba fuskar allon silikon gurbi-gurbi kamar na dara, gurbin da haske mai yawa ya faɗa wa zai tara lantarki mai yawa, wanda ke cikin duhu kuwa zai tashi da kaɗan. In an auna abin da kowane gurbi ya tara aka rubuta shi da lamba, hoto ya samu. Wayar da aka ce tana da megafiksel 50, gurbi miliyan 50 ake nufi.

Wuyar aikin ita ce yadda za a kwaso abin da ke cikin gurabun a kai shi ma'auni ba tare da ya zube a hanya ba. A watan Oktoba na 1969, a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, Willard Boyle da George Smith suka zana dabarar a jikin allo cikin kamar awa guda. Kowane gurbi zai miƙa wa na kusa da shi abin da ya tara, shi ma ya miƙa gaba, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu, har a isa bakin layi inda mai awo guda ɗaya yake jira. Wannan dabara ita ake kira CCD. Abin lura a nan shi ne, su biyun wurin ajiyar bayanai na kwamfuta suke ƙoƙarin ƙirƙirowa, kuma ta wannan fuska dabarar tasu ba ta yi wani dogon zango ba. Abokin aikinsu Michael Tompsett ne ya duƙufa kan ɗaukar hoto da ita a farkon shekarun 1970. Sai bayan shekara 40 cif, cikin 2009, aka ba Boyle da Smith rabin lambar Nobel ta ilmin fiziks. Tompsett bai samu ba, an kuwa daɗe ana gardama a kan haka.

Kamfanin AT&T, wanda ya mallaki ɗakunan binciken na Bell, tun 1956 ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka a gaban kotu wadda ta tsare shi ga sana'ar tarho, ta kuma tilasta masa ba wa waɗansu kamfanoni izinin amfani da abubuwan da ya ƙirƙiro. Saboda haka dabarar ta fita waje da wuri. Kamfanin Fairchild ya fara sayar da allo mai gurbi 100 a tsaye 100 a kwance, da shi ne kuma wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamara marar fim a watan Disamba na 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai gurbi 10,000 kacal, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset.

Ana yawan ba da labarin Kodak kamar na wawan da ya tsinci zinariya ya yar. Gaskiyar maganar ta fi haka ɗaci. Masanan kamfanin sun san abin da ke hannunsu. Bryce Bayer, ma'aikacinsu, shi ne cikin 1976 ya sami takardar mallakar dabarar lulluɓe gurabun da launi, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, wadda har yau mafi yawan kyamarori ke amfani da ita. Cikin 1986 sun ƙera allo mai gurbi miliyan 1.4, cikin 1991 kuma suka fitar da kyamara marar fim domin 'yan jarida. Abin da ya ɗaure musu hannu shi ne ribar fim da takardar hoto da ruwan wanki, wadda ke kwarara daga kowace kusurwa ta duniya. Duk kyamara marar fim da suka sayar, wani mai sayen fim suka rasa har abada. Suka yi ta jan ƙafa, kasuwa kuwa ba ta jira su ba. A watan Janairu na 2012 kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi.

Labarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Japan. Kazuo Iwama, ɗaya daga cikin manyan kamfanin Sony, tun 1954 ya je Amurka ya koyo aikin taransista, yana rubuto rahoton abin da ya gani zuwa gida. A farkon shekarun 1970 ya ɗora wa masanan kamfanin aikin CCD, ya kuma tsaya musu shekara bayan shekara alhali ba a sayar da ko guda ba. Babban abokin gabarsu ƙura ce. Ƙwayar ƙura guda wadda ido ba ya gani, in ta sauka a kan allon lokacin ƙira, sai gurbi ya mutu, hoto ya fito da tabo, a zubar da allon. Mafi yawan abin da suke ƙerawa juji yake tafiya. Ana ta ƙorafi a kan kuɗin da ake kashewa, Iwama bai janye ba, kuma da ya zama shugaban kamfanin cikin 1976 sai ya ƙara ƙaimi. Cikin 1980 ne aka fara ganin ɗan sakamako, lokacin da kamfanin jiragen sama na All Nippon Airways ya sa kyamarar Sony a manyan jiragensa domin fasinjoji su ga tashi da sauka. Iwama ya rasu cikin 1982. Kyamarar bidiyo mai CCD ta kamfanin, wadda aka yi domin jama'a, ba ta shiga kasuwa ba sai 1983. Wanda ya gaje shi, Norio Ohga, ya sa aka maƙala ɗan allon CCD a jikin dutsen kabarinsa.

Waɗansu, musamman a Amurka, sukan ɗauki wannan a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan bai zama adalci ba. Awa guda a gaban allo abin yabo ne, amma fiye da shekara goma na yaƙi da ƙura shi ma bincike ne, kuma shi ya fi tsada, ya fi rashin daɗi, babu mai ba da lambar yabo a kansa. Har ila yau, wani ɗan Japan ɗin ne, Nobukazu Teranishi na kamfanin NEC, cikin 1980 ya gyara ginin gurbin kansa yadda zai riƙa juye abin da ya tara kakaf, ba ya barin ragowar da za ta ɓata hoto na gaba. Kusan duk idon na'ura na yau a kan wannan gyara yake tsaye. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A wannan karon dutsen na gaske ne, romon kuwa shi ne kusan rabin kuɗin da ake samu a kasuwar idon na'ura ta duniya, wanda Sony ke kwashewa a 'yan shekarun nan.

Mataki na gaba daga kuɗin gwamnati ya fito. A farkon shekarun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka tana neman ƙananan kumbuna masu arha. CCD yana da cin lantarki, kuma tiririn da ke yawo a sararin samaniya yana lalata masa hanyar miƙa hannu da hannu ɗin nan. Eric Fossum da abokan aikinsa a cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka ba kowane gurbi nasa ɗan mai awo, aka huta da dogon layi. Wannan shi ne idon CMOS, wanda ake iya ƙerawa da irin dabarar da ake ƙera sauran allunan kwamfuta, shi ya sa ya yi arha, ga shi ba shi da cin batir. Manyan kamfanoni ba su yi ɗokinsa ba da farko, har sai da masu binciken suka kafa nasu kamfanin, Photobit, cikin 1995. Wayoyi masu kyamara sun fara fitowa a Japan cikin 1999 da 2000, kuma a yau kusan dukkansu CMOS ne a cikinsu. Sony, wanda ke kan gaba a CCD, ya juya ga sabuwar dabarar a shekarun 2000, cikin 2015 kuma ya ba da sanarwar zai daina ƙera tsohuwar. Watau ya yi wa kansa abin da Kodak ya kasa. Cikin 2017 aka haɗa Smith da Tompsett da Teranishi da Fossum aka ba su lambar Sarauniya Elizabeth ta aikin injiniya. Boyle ya riga ya rasu cikin 2011.

Binciken bai tsaya a kan hasken da ido ke gani ba. A cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai, CERN, da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, masana sun ƙera idanun silikon domin bin sawun ɓarɓashin da ke tashi in an gwara ƙwayoyi. Daga nan aka sami jerin allunan da ake kira Medipix, masu gurbi 256 a tsaye 256 a kwance, waɗanda ke ƙidaya ƙwayoyin hasken eksire ɗaya bayan ɗaya, su kuma auna ƙarfin da suka zo da shi. Tunda ƙashi da tsoka da kitse da ƙarfe kowanne da irin yadda yake shanye wannan haske, sai ya zamana ana iya bambanta su. Cikin 2018 wani kamfani na ƙasar Niyu Zilan, wanda uba da ɗa, Phil da Anthony Butler, suka jagoranci bincikensa, ya nuna hoton eksire mai launi na wuyan hannu da idon sawun mutum. Cikin 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar hoton ciki ta kamfanin Siemens mai aiki da irin wannan ƙidaya. Babu wanda ya shiga CERN da niyyar duba gwiwar majiyyaci. Shi kansa CCD bai mutu ba: kyamarar cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke kan wani dutse a ƙasar Cile, mai gurbi miliyan 3,200, allunan CCD 189 aka jera a cikinta, kuma a watan Yuni na 2025 aka nuna hotunanta na farko.

Mai hankali zai iya cewa duk wannan sha'anin masu ƙoshi ne. Ƙasar da ke fama da ruwan sha da allurar rigakafi, ina ruwanta da ƙidayar ƙwayoyin haske? Ta bari masu kuɗi su yi bincikensu, in kaya sun yi arha ta saya. Wannan magana tana da nauyi, kuma ta wani ɓangare gaskiya ce. Sai dai akwai abubuwa da suka faru waɗanda ke nuna iyakarta.

Cikin 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kamar Dareta da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ce ta fara ankarar da duniya. Dalilin mutuwar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ƙasa, saboda haka babu yadda magidanci zai san wane tsakar gida ne ke kashe 'ya'yansa. Abin da ya nuna shi ne wata na'ura ta riƙewa a hannu, wadda ke harba hasken eksire cikin ƙasa, kowane ma'adini ya mayar da nasa irin hasken, ɗan idon silikon da ke bakinta ya karanta cikin ɗan lokaci kaɗan. A lokacin, ma'aunin Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kai kashi 400 ne cikin miliyan. A waɗansu wuraren an sami fiye da kashi 100,000. Da wannan awo aka san inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. Na'urorin da masanan da suka fara awon daga waje suka zo, bayan an riga an binne yara da yawa. Cikin 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Na'urar tana kasuwa tun kafin 2010. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka san da ita, suka iya daidaita ta, aka kuma ɗora musu aikin yawo da ita a wuraren haƙar ma'adinai kafin a fara jana'iza.

Misali na biyu ya fi shiga jiki, domin yana kan yatsan majiyyata a asibitocin ƙasar nan kowace rana. Na'urar auna iskar oksijin a cikin jini, wadda ɗan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, tana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ɗan idon silikon da ke ɗaya gefen ya auna abin da ya ƙetare. Jini mai wadatar oksijin da marar ita ba daidai suke shanye waɗannan haske biyu ba, daga nan na'urar ke lissafa lamba. To, amma launin fata shi ma yana shanye haske. Tun 1990 likitoci biyu a Amurka, Jubran da Tobin, suka ba da rahoton cewa na'urar ba ta cika daidai ba a kan baƙar fata. Aka yi shekara 30 maganar ba ta dami kowa ba. A watan Disamba na 2020, ana tsakiyar annobar korona, Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Mishigan suka kwatanta lambar na'urar da awon jinin da aka ɗiba kai tsaye. A cikin majiyyatan da na'urar ta ce oksijin ɗinsu yana tsakanin 92 da 96, watau babu abin tashin hankali, kashi 11.7 cikin 100 na baƙaƙen fata a haƙiƙa suna ƙasa da 88. A fararen fata kashi 3.6 ne kawai. Ma'ana, haɗarin na'urar ta ce lafiya lau alhali mutum yana bukatar oksijin ya ninka sau uku ga baƙar fata.

Babu wanda ya shirya wannan da mugunta. Ƙa'idar da hukumar Amurka ta fitar cikin 2013 ta wadatu da a gwada na'urar a kan mutum goma, biyu daga ciki, ko kashi 15 cikin 100, su kasance masu duhun fata. A ƙasar da baƙaƙe ke 'yan tsiraru wannan ya wuce ba a lura ba, sai a watan Janairu na 2025 hukumar ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a faɗaɗa gwajin. A Nijeriya kuwa 'yan tsirarun can su ne kowa da kowa, ga shi kuma tana cikin ƙasashen da ciwon nimoniya ya fi kashe ƙananan yara, ciwon da ake dogara da wannan lamba wajen yanke shawarar wanda za a sa wa oksijin. Kada a fahimci wannan da cewa a ajiye na'urar. Asibitin da ke da ita ya fi wanda ba shi da ita nesa ba kusa ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa sai da aka jira likitocin Mishigan? Binciken nasu bai bukaci masana'anta ba. Lambobi biyu suka jera gefe da gefe daga takardun majiyyata.

Haka abin yake ga na'urorin karanta fuska, ko da yake a nan laifin ya fi karkata ga lissafin da ke bayan idon. Cikin 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin kamfanoni uku masu bambance namiji da mace daga hoto, suka sami kuskuren da ya kai kashi 34.7 cikin 100 a kan mata masu duhun fata, alhali a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. 'Yan kasuwa sun riga hukumomi gane wannan giɓi. Kamfanin ƙasar Sin mai yin wayoyin Tecno ya daidaita kyamarorinsa domin fuskar baƙin mutum ta fito sosai, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka ba shi kasuwar Afirka.

Ba za a ce ƙasar nan ba ta taɓa yunƙurawa ba. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa cikin 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, kowane gurbi na hotonsa yana ɗaukar mita 32 na doron ƙasa, kuma hotunansa sun yi amfani har a Amurka lokacin guguwar Katrina ta 2005. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abin da ya kai mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Surrey suka harhaɗa da hannunsu. Wannan abin alfahari ne. Amma shekara bakwai aka ɗibar wa NigeriaSat-2, watau wa'adinsa ya cika tun 2018, kuma ilmin da injiniya ya samo yana dushewa in ya zauna shekaru babu sabon aiki a gabansa. Da Iwama ya riƙa ba masanansa aiki sau ɗaya a shekara takwas, da babu abin da za a maƙala a kabarinsa.

To, mene ne abin yi? Lalle ba gina masana'antar allunan silikon ba ne, kuma ya kamata a yi hattara da duk wanda ya zo da wannan alkawari. Masana'anta guda ta zamani tana cin dala biliyan 10 zuwa 20, tana bukatar wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsabtar gaske. Amurka kanta sai da ta kafa doka cikin 2022 ta ware fiye da dala biliyan 52 domin ta jawo irin waɗannan masana'antu gida. Kuɗin masana'anta ɗaya ya fi abin da Gwamnatin Tarayya ke ware wa ilmi cikin shekaru da dama. Amma tsakanin ƙera allo da sayen na'ura a kwali akwai fili mai faɗi: gwaji, da daidaita ma'auni, da gyara, da zana allon da za a aika wata ƙasa ta ƙera, da harhaɗa na'ura domin bukatar gida. Masanan CERN ma ba su da masana'antar kansu; zanawa suke yi su aika a ƙera musu.

Akwai kuma harsashin da za a ɗora a kai. Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, inda ake gano ma'adinan da ke cikin ƙasa da abinci da duwatsu ta hanyar idon jamaniyam, ɗan'uwan silikon. Irin wannan ido sai an riƙe shi cikin tsananin sanyi yake aiki, don haka rayuwarsa ta rataya ne ga ƙananan kuɗin yau da kullum, waɗanda ba a yanka kirtani a kansu, ba a kuma gayyatar 'yan jarida. A nan ne tsarin kasafin kuɗi yake cin amanar bincike. Sayen sabuwar na'ura yana da sauƙin shiga kasafi, domin ana ganinta, ana ɗaukar hoto da ita. Albashin mai kula da ita na shekara goma, da kayan gyaranta, da kuɗin aika ta a daidaita, su ne ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi. Tun 1980, a Shirin Legas na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, shugabanni suka amince a riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan kimiyya da fasaha. Bayan fiye da shekara 40, ƙididdigar da ake da ita ta nuna abin da Nijeriya ke kashewa a kan bincike bai kai rabin haka ba. Ko da kuɗin bai ƙaru ba, asusun tallafa wa manyan makarantu na iya ware 'yan ayyuka kaɗan ya ɗaure musu gindi na shekara bakwai ko goma, maimakon yayyafa wa ɗaruruwa abin da ba zai kai su ƙarshen shekara ba.

Ga ɗalibai, sashen fiziks da na injiniyan lantarki sun daɗe ana yi musu kallon inda ake tura wanda bai sami likitanci ba. Amma likitan da ke karanta lamba a yatsan yaro ya dogara ne ga wani wanda ya san yadda haske ke ratsa fata, kuma in babu irin wannan mutum a kusa, sai dai ya gaskata abin da aka rubuta a kwali. Aikin digiri na biyu da zai kwatanta na'urorin oksijin iri biyar da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari da awon jini na gaskiya, bisa izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, ya fi ƙarfin a ajiye shi a kanta ya sha ƙura. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da majiyyata da likitocin da za a yi shi da su.

Ma'aikacin da ke rubuta takardar neman 'yan kwangila kuwa yana da ikon da bai bukaci sabuwar doka ko ƙarin kasafi ba. Duk lokacin da ma'aikata za ta sayi na'urar da ke gani ko ke awo, ta oksijin ce, ko ta hoton ƙirji, ko ta karanta fuska da yatsa, yana iya ƙara sharaɗi a cikin takardar: mai kawo kaya ya nuna a rubuce mutum nawa aka gwada na'urar a kansu, nawa ne daga cikinsu masu irin fatar waɗanda za a yi wa amfani da ita, a wane zafi da wace ƙura aka gwada ta, kuma wane ne a cikin ƙasar nan zai riƙa daidaita ta bayan an biya kuɗi.